Kwantar da ɗan uwa a asibitin ƙwaƙwalwa da ranar sallamarsa: tambayoyin da mutanen zango suke yawan yi

Tun da ƙanena ya yi jinyarsa shekarun baya na zama kamar ofishin tambaya a layinmu a Nima, cikin Accra. Wani ya tare ni bayan Isha'i a ƙofar masallaci ya ja ni gefe, wata ta aiko 'yarta da dare wai Mma na gaishe ka, tana son ganinka amma kar kowa ya ji. Tambayoyin kusan iri ɗaya ne kullum, shi ya sa na tara su wuri guda. Ni tela ne, abin da ke nan abin da idona ya gani ne da wanda nas-nas da likitoci suka ɗora ni a kai, maganar ƙara magani ko rage shi kuwa tana bakin likitan da ke duba naku.

Wai ina ake kwantar da mai taɓin hankali a ƙasar nan?

Manyan asibitocin gwamnati na wannan larura uku ne kacal a Ghana kuma duk a kudu suke. Akwai na tsakiyar Accra, Ankara in ji tsofaffinmu, wanda kowa ke ce wa Asailam, shi ne ma ya ba unguwar Asylum Down sunanta, tun 1906 aka buɗe shi zamanin Turawa. Sai Ankaful kusa da Cape Coast da aka buɗe a 1965, sai Pantang can gaba da Adenta a kan hanyar Aburi, a 1975.

Amma fa ba lalle sai can ba. Babban asibitin Korle Bu a Accra na da sashen ƙwaƙwalwa, mutanen Kumasi na Aboabo da Asawase da Tafo suna da nasu a Komfo Anokye wanda suke kira Gee, kuma yawancin asibitocin gunduma da polikilinik suna da nas ɗin ƙwaƙwalwa da ke duba mutane su ba da magani su koma gida. In abin bai kai ga tashin hankali ba ku fara da na kusa da ku.

Duk wanda aka kai sai an kwantar da shi?

A'a. Da yawa duba su ake yi a rubuta magani a ba su ranar dawowa. Ana ba da gado ne in mutum yana neman ji wa kansa ko wani ciwo, ko ya daina ci da sha da barci kwana da kwanaki, ko yana fita ba a san inda ya nufa ba, ko an ba shi magani a gida ya ƙi sha ƙememe kuma abin gaba yake yi. Mai jego da ta rikice kwanaki kaɗan bayan haihuwa, ba ta barci, tana faɗin maganganu marasa kan gado ko tana tsoron jaririnta, wannan ba a jira da ita ko kwana ɗaya, kar a tsaya cewa iskar jego ce.

Wani abu kuma, wanda ya ruɗe farat ɗaya ga zazzaɓi a jikinsa ko ciwon kai mai tsanani ko farfaɗiya, musamman tsoho ko mai ciwon suga, asibitin kowa da kowa za a fara kai shi. Maleriya mai tsanani da sanƙarau da faɗuwar suga duk suna iya sa mutum sambatu.

In ya ce ba zai je ba fa? Mu ɗaure shi mu kai shi?

Akwai doka a kan wannan, dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta 2012 wadda ake kira Act 846, ita ta maye gurbin tsohuwar ta 1972. Hanya biyu ta shimfiɗa. Ko mutum ya yarda da kansa a kwantar da shi, shi wannan yana da bakin cewa a sallame shi, kuma ba a riƙe shi sai in likita ya ga ya shiga halin haɗari. Ko kuma a kwantar da shi ba da son ransa ba, shi ma ba haka kawai ba: in gaggawa ce ɗan uwa ko ɗan sanda ko ma wani na iya kai shi, likita ya duba ya sa hannu a takardar gaggawa, a riƙe shi har awa 72. In ana son wuce haka sai da umarnin kotu, na farko ba ya wuce wata ɗaya, in kuma jinyar za ta yi tsawo akwai wata kotun bita ta musamman da ke duba maganar, ita ma ba ta ba da fiye da wata 12 a lokaci guda. Wato haushin mutum ko rigimar gado ba sa sa a kulle shi a can.

Ɗauri kuwa, dan Allah kar a tara samarin layi su danne shi ana ihu yara na kallo, wallahi bayan ya samu sauƙi zai tuna fuskar kowa. A samu mutum biyu ko uku da yake jin nauyinsu, kawu ko babban wa ko limamin da ya saba da shi, a yi magana ƙasa-ƙasa, a kwashe wuƙaƙe da adda daga ɗakin tukuna. In yana riƙe da makami ko ya fi ƙarfinku ku kira lambar gaggawa 112. Sanya wa mai larura mari ko sarƙa kuwa hukumar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa ta bayyana haramcinsa tun 2017, ko a gida ne ko wurin addu'a.

Me za mu riƙe ranar da za mu kai shi?

Ghana Card ɗinsa, katin inshora in yana da shi, da duk wani kwalin magani da ya taɓa sha ko da fanko ne, har na gargajiya. Kaya kala biyu uku marasa igiya, silifas, soso da sabulu, buroshi. Bel da reza da almakashi ku bar su gida, wayarsa ma gara ta zauna hannunku.

Abin da ya fi kayan muhimmanci shi ne wanda zai raka shi. A tura wanda yake kwana gida ɗaya da shi, wanda ya san ranar da barci ya ɗauke, ba babban Alhajin gida da labari kawai ya ji ba. Kuma a faɗi gaskiya: in yana shan wiwi ko tramol ko giya a faɗa, in akwai mai irin larurar a dangi a faɗa, in ya taɓa yunƙurin kashe kansa a faɗa. Mutane suna ɓoye wannan na ƙarshen saboda tsoron 'yan sanda, alhali tun 2023 majalisa ta cire shi daga cikin laifuffuka, yanzu mara lafiya ne a idon doka. Sannan ku ba da lambar waya mai aiki, biyu ma, da kwatancen gida na gaskiya. Dalilin wannan yana cikin amsar masu tsoron ɗauko shi a ƙasa.

An ce kyauta ne, gaskiya ne?

A takarda dokar 2012 ta ce kula da lafiyar ƙwaƙwalwa kyauta ne. A aljihu kuma labarin daban ne, kuɗin da gwamnati ke sakewa ba ya isa, sai ka ga ana biyan na gado da abinci ko gwajin jini, maganin da babu a ma'ajiyar asibiti kuma a rubuta maka ka sayo a kemis. Daga watan Nuwamba 2024 inshorar lafiya ta ƙasa ta shigar da larura huɗu cikin abin da take biya: ciwon damuwa mai tsanani, ciwon fargaba, larurar da hali ke hawa da sauka wato baifola, da larurar jin muryoyi da zargi mara tushe wato sikizofireniya. To ku sabunta katin tun kafin a shiga uku, ta waya ma ana yi da MoMo, wato kuɗin waya. Duk abin da kuka biya ku karɓi rasit, in kuma da gaske babu, ku nemi ofishin walwalar jama'a na asibitin ku yi musu bayani, ba abin kunya ba ne.

Me ake masa a ciki? Za a bar mu mu gan shi?

Kwanakin farko yawanci barci ne, don in ya zo a birkice allura ake yi masa ya lafa. Bayan nan a ɗora shi kan ƙwaya, likitoci su riƙa zagayawa suna tambayarsa suna gyara awo, nas-nas na rubuta yadda ya ci da yadda ya kwana. Maza da mata ɗakunansu daban. Wanda ya fara dawowa hayyacinsa ana sa shi hira da masanin halayya ko aikin hannu. Akwai kuma jinyar lantarki da mutane ke jin sunanta su firgita, ana yin ta ne ga kaɗan, irin wanda damuwa ta hana shi ci da magana gaba ɗaya, bayan an sa shi barci da allura, kuma sai an nemi amincewa.

Dubiya ana zuwa, ku tambayi lokacinta a bakin ɗakin. Ku je, ku yawaita zuwa. Ni ranar da na fara kai wa ƙanena koko da ƙosai a kula bai ko kalle ni ba, yana zaune bakin gado ya ƙura wa bango ido, na dawo a motar haya ta trotro ina share hawaye da hular kaina. Sati na biyu ya ci ya ce ƙosan ba na Hajiyar bakin kwata ba ne, na wa na saya? Nan na san yaron nan yana dawowa. Kuma gaskiya ma'aikata ma mutane ne, mara lafiyan da aka san danginsa na leƙowa ana jin labarinsa da wuri in wani abu ya canza.

Na je na tarar da miyau na zuba, jikinsa ya sandare yana tafiya kamar gunki. Ba ƙara lalata shi suke ba?

Wannan ne ya fi sa uwaye cewa a ba su ɗansu su tafi. Illar magani ce, ba ciwon ne ya ƙaru ba, an fi ganinta da tsofaffin magunguna irin haloperidol da Largactil da allurar Modecate: rawar hannu, taurin jiki, dalalar miyau, wani wuyansa ya karkace ko idonsa ya kafe sama ko harshe ya fito, wani kuma ya kasa zama wuri ɗaya sai safa da marwa. Ana gyara shi, a rage awo ko a canza magani ko a ƙara masa Artane, ƙwayar da ke rage wannan taurin da rawar. Ku gaya wa nas a take. Kar ku je kemis ku sayo Artane da kanku, yara suna shan sa don maye kuma yawansa na ruɗa mutum.

Sababbin irin olanzapine ba su cika kawo wannan ba, nasu shi ne ci da ƙiba da barci, suna iya tayar da suga, sai a riƙa awon nauyi da jini. Wanda ba a wasa da shi: taurin jiki haɗe da zazzaɓi mai zafi da gumi da ruɗewa, ko ƙuraje su feso a jiki da baki ga mai shan carbamazepine. Wannan asibiti ne a daren, ba a jiran ranar ribiyu, wato ranar komawa ganin likita.

Kwana nawa zai yi, kuma wa ke da ikon sallamarsa?

Yawanci makonni ne ba shekaru ba. Likitan da ke duba shi ne ke sallama bayan ya ji ta bakin nas-nas, kuma ba jira ake sai ya koma garau kamar da ba, ana duba ko haɗarin ya wuce, yana barci, yana ci, yana karɓar magani, sauran sauƙin a gida yake ƙarasawa. In kun matsa sai kun ɗauke shi kafin lokaci za a sa ku sa hannu cewa kun saɓa shawarar likita, in kuma yana ƙarƙashin umarnin da na yi bayani a amsar wanda ya ƙi zuwa, ba za a ba ku shi ba. Wanda kotu ta aiko saboda shari'a shi kuma sai kotun ta ce.

An kira mu mu zo mu ɗauke shi, mu kuma tsoro muke ji, ga ɗaki ɗaya a gidan haya. In ba mu je ba fa?

Ba zan ce tsoron ƙarya ne ba. Wadda ɗanta ya taɓa shaƙe ta, ko wanda maigida ya ce masa in mahaukacin nan ya dawo ku kwashe kayanku, ba a yi masa wa'azi daga nesa. Amma ku san abin da rashin zuwan yake haifarwa. Asibitin Accra wajen gado 600 ne ƙarfinsa, an yi lokacin da mutanen ciki suka haura 1,000, kuma da yawansu sun daɗe da samun sauƙi, dangi ne suka ba da adireshin ƙarya ko suka canza layin waya. Har sai da asibitocin suka riƙa fita da mota da ma'aikatan walwala gari-gari suna neman gidajen mutane. Na ga wani dattijo a can, tsaf da shi, yana taya nas-nas shara yana gaishe da kowa, duk wanda ya shigo dubiya sai ya tambaye shi daga wace unguwa yake. Mutum in ya daɗe haka sai ya manta yadda ake shiga kasuwa, yadda ake riƙe kuɗi, ya zama ba shi da inda ya iya sai nan. Hannunka dai ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Abin yi shi ne ku je kafin ranar, ku zauna da likita da ma'aikacin walwala ku faɗi tsoronku ɓaro-ɓaro: wa ya doka, da me, me ya tayar da shi. Ku tambaya ko za a iya ba shi hutun gwaji ya kwana biyu a gida ya koma a ga yadda aka yi. Ku tambaya ko allurar wata-wata za ta dace da shi tunda rigimar shan ƙwaya ce ke haɗa faɗa a yawancin gidaje. A yi taron dangi a raba nauyi, wane kuɗin magani, wane rakiya ribiyu, wance abinci, kar a jibge komai a kan tsohuwa ita kaɗai alhali 'yan uwa na Jamus da Amurka suna turo muryar WhatsApp suna ba da umarni. In zama da wadda ya taɓa cutarwa bai yiwuwa tukuna, a nemi gidan wa ko kawu.

Ranar sallamar me za mu tambaya kafin mu fito?

Sunan larurar, a rubuta muku. Sunan kowane magani, nawa, ƙarfe nawa, da me za a yi in ya tsallake. In allura ce, yaushe aka yi ta ƙarshe kuma yaushe ta gaba. Ranar ribiyu da inda za a je, don sau da yawa ana iya mayar da ku wurin nas ɗin ƙwaƙwalwa na asibitin unguwarku da takardar turawa, ba sai kun riƙa tsallaka gari ba, wasunsu har gida suke bi. Ku ɗauki hoton katin da lambar folda a waya, katin nan ɓata yake yi. Kuma a yi tambayoyin nan a gabansa da shi, ba a bayan idonsa ba, jikinsa ne.

Ya warke sarai, har ya koma aiki. Zai iya ajiye maganin?

Nan ne mu muka faɗi. Wata biyar bayan sallama ƙanena ya yi ƙiba ya yi haske, yana zuwa shago yana kama min aikin maɓalli, sai 'yan uwa suka fara, wai maganin nan ne ke sa shi nauyi, wai wa zai ba shi mata yana shan ƙwayar mahaukata. Ni ma na biye. Wata na farko lafiya lau har muna cewa ashe da gaskiyarsu, wata na uku ya fara kwana zaune yana cewa rediyon maƙwabta da shi take magana, kafin mu farga mun koma inda muka fito, kuma karo na biyu ya fi daɗewa kafin ya dawo daidai.

Maganin riƙe ciwon yake yi kamar na hawan jini, sauƙin da kuke gani aikinsa ne. Wanda ya yi rikicewar farko akan bar shi a kai aƙalla shekara ɗaya zuwa biyu, wanda ya maimaita kuma ya fi haka, wani har iya rayuwa. In za a rage, likita ne ke ragewa kaɗan-kaɗan yana kallo. In illa ce ta dame shi a koma amsar miyau da sandarewa, canza magani ake yi ba yarwa ba.

To ruƙiya da rubutu fa, a daina?

Ba wanda ya ce a daina addu'a. A yi masa karatu, a tofa, ya je jam'i in yana iyawa, zaman masallaci ma na rage masa kaɗaici. Hadisi ne ingantacce cewa Allah bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta. Inda zan ja layi uku ne: malamin da ya ce a zubar da na asibiti, wanda ke duka ko ɗauri ko hana abinci wai yana horon aljani, da mai haɗa jiƙe-jiƙe da hayaƙin da ba a san me ke ciki ba. Mu kafin asibiti mun kai yaron wani wuri bayan gari, kwana 9, har yau tabon yana idon sawunsa.

Zai yi azumi?

A tambayi likita tun Sha'aban. Wasu magungunan sau ɗaya ake sha da dare, ba su hana komai, mai allurar wata ma a kan daidaita masa. Mai shan maganin litiyam shi ne abin lura, ƙishirwa da zufa irin ta zafin Accra na sa maganin ya taru a jini ya zama guba. Mai baifola kuma raba dare na tahajjud da sahur na iya tayar masa da ciwon, barcinsa magani ne. Alƙur'ani ya riga ya ba mara lafiya rangwame ya rama daga baya, kar a sa shi jin kamar ya yi laifi.

Ta yaya za mu gane ciwon na dawowa?

Barci ne ke fara tona asiri, dare biyu uku ba runtsawa. Sai zargi, wai an sa masa abu a abinci, sai kulle kai a ɗaki, barin wanka, magana shi kaɗai, ko akasin haka, surutu ba birki da rabon kuɗi da manyan tsare-tsare. Kowa da irin tasa alamar, ku tuna yadda ta farkon ta fara. Da kun gani ku je, ba sai ranar da aka rubuta a kati ba. Makonnin farko bayan sallama su ne mafi hatsari wajen mutum ya cutar da kansa, saboda lokacin ne yake fuskantar kunyar abin da ya faru, don haka maganin ya zauna hannun mutum ɗaya ana ba shi na kwana-kwana, a ɗauke maganin ɓera da na feshi, in ya ambaci mutuwa kuma a tambaye shi kai tsaye a kai shi ranar, tambayar ba ta sa wa mutum tunanin. Abokan wiwi da tramol su ma a san yadda za a yi da su, zuƙa kaɗan na iya rushe aikin wata shida.

Aure da haihuwa da aiki fa?

Suna yi, da yawa ma ba ku san suna shan magani ba. Aiki a fara da kaɗan, mai aikin dare ko tuƙi ko inji ya tambaya tukuna saboda barcin magani. Maganar aure ra'ayina shi ne a gaya wa wanda za a aura da waliyyinsa kafin a kai goro, ɓoyewar ita ke kashe auren ranar da aka tsinci kati a ƙarƙashin katifa. Mace mai shan magani in tana son ciki ta fara zuwa wurin likita, musamman wadda aka rubuta valproate a kwalin maganinta don yana iya nakasa jariri, kuma in cikin ya riga ya shiga kar ta yanke magani da kanta, ta je a satin. A sanar da ungozoma tarihinta tun awon ciki, bayan haihuwa kuma a samu mai karɓar jaririn da dare ta samu barci, sati biyun farko a sa mata ido sosai kamar yadda na faɗa a amsar waɗanda ake kwantarwa.